Motar gida a filin tsere: yadda za ka shirya ta, ka kai ta, ka dawo da ita lafiya

Duk saurayin da ya mallaki mota a Garwa ko Marwa ya taɓa kallon agogon gudu, ya ga an rubuta 200 ko 220, ya ce a ransa, shin motar nan tana kaiwa kuwa? Wannan sha'awa ba laifi ba ce. Laifin yana wurin da ake kashe ƙishirwar: titin unguwa ranar ɗaukar amarya, ko miƙaƙƙiyar hanyar bayan gari inda mai babur ke ɗauke da mace da goyo, shanu kuma suna tsallakawa ba sallama. Wasan mota a kan titi ya sa gidaje da yawa zaman makoki. Mai son ya san iyakar motarsa da iyakar hannunsa akwai wurin da aka tanadar masa.

A ƙasashen da suka gina filayen tseren mota, akwai ranakun da ake buɗe fili ga motocin gida. Ba gasa ba ce, babu kofi, babu na ɗaya. Ka biya kuɗi, a duba motarka, a karanta maka dokoki, ka shiga ka zagaya gwargwadon iyawarka, kowa na tafiya ta fuska guda. Mafi shahara shi ne Nürburgring na Jamus, wanda aka buɗe a 1927. Zagayensa na arewa ya kai kilomita 20.8, kuma a ranakun baƙi motar da ke da izinin hawa titi tana iya shiga. A Afirka akwai Kyalami kusa da Johanasbag, inda aka yi tseren Formula 1 na ƙarshe a nahiyar nan a 1993, akwai kuma filin Dakar Baobabs a garin Sindia na Sanagal, mai tsawon kilomita 4.7.

Mu a arewacin Kamaru da Chadi ba mu da fili mai kwalta irin waɗannan, don haka hanya biyu ce a gabanka. Ko ka yi doguwar tafiya ta dubban kilomita da tsallaka iyakoki, ko ku haɗu ku nemi killataccen fili na jar ƙasa a bayan gari, da izinin hukuma, a jera tsofaffin tayoyi a fitar da hanya. A ganina ta biyun ta fi dacewa da mafi yawanmu, musamman mai farawa. Shirin motar kusan ɗaya ne, kuma abu guda ya kamata ka riƙe tun yanzu: abin da ke kashe motar gida a fili zafi ne, ba gudu ba. Zafin birki, zafin inji, zafin taya. Mu kuwa zafi a gidanmu yake kwana.

Lokaci, tambaya da takardu

Kada ka sa ranar a Maris, Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Garwa da Injamena ke haura digiri 40. Da damina kuma filin ƙasa taɓo ne. Disamba da Janairu su ne daidai, sai dai ka lura da hazo, domin ranar da ƙura ta rufe gari ba a ganin mai tuta daga nesa.

Idan fili ne na gaske za ka, tuntuɓi masu shi kafin ka kashe ko sisi. Wace rana suke karɓar motocin gida, wace irin hular kwano suke yarda da ita, akwai iyakar ƙarar salansa, akwai malamin da zai zauna kusa da kai, kuma wa ke biyan ɓarna idan ka bugi shinge? A Nürburgring direba ne ke biyan shingen da ya lalata da kuɗin motar da ta ja shi. Idan filin ƙasa ne ku ke shiryawa, dokar Kamaru ta 1990 a kan tarukan jama'a ta tanadi a sanar da hukumar gunduma tun kafin ranar. Ku kai takarda ofishin su-firefe, ku gai da mai gari ko lawanin da filin ke ƙasarsa, jandarma ma su sani.

Takardun mota su cika: lasin tuƙi, kart giriz, inshora, da shaidar duba lafiyar mota da ba ta ƙare ba. Mai tsallaka gadar Ngeli tsakanin Kusiri da Injamena yana buƙatar katin inshorar ƙasashen CEMAC, wato kart roz. Mai shiga Najeriya ya nufi yamma kuma katin ECOWAS mai ruwan ƙasa ne, da takardar duwan ta shigar da mota na ɗan lokaci, da katin rigakafin shawara. Idan sunan da ke kan kart giriz ba naka ba ne, ka riƙe takardar wakilci mai hatimi.

Ga maganar da mutane ba su son ji. Inshorar da kake biya ta titi ce. Galibin kamfanoni sun cire tsere da gwajin gudu daga abin da suke ɗauka. Je ka tambaye su, su ba ka amsa a rubuce. Idan motar nan ita ce ke kai yara makaranta, ita ce ke kai Hajiya asibiti, kuma ba ka da halin gyara ta in ta daku, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka je kallo, ka nemi wani ya ɗauke ka a kujerar gefe.

Gareji, aƙalla mako biyu kafin tafiya

Mako biyu na ce, domin duk abin da aka kwance aka ɗaura yana son a yi 'yan kwanaki ana hawansa a gari, in da yoyo ko kuskure ya bayyana kusa da gida.

Fara da birki, kuma a nan za ka fi daɗewa. Bakanike zai taka ya ce maka, "Maigida, ai birkin nan yana ci." Ka ce masa, "Yana ci da sanyi, Malam. Ina so ya ci da zafi." Birki ba ya yin komai illa mayar da gudu ya zama zafi, kuma lissafin ba shi da tausayi: in ka ninka gudu sau biyu, zafin ya ninku sau huɗu. Mota mai nauyin kilo 1,200 da ta tsaya daga gudun 120 tana zuba wa birkinta zafin da ya isa ya kai ruwa lita biyu ga tafasa. A gari kana yin irin wannan tsayawa jefi-jefi. A fili za ka yi ta sau da yawa a kowane zagaye, ba hutu.

Abin da ya fi saurin ba da kai shi ne man birki. Yana shan danshin iska kamar gishiri da damina, kuma da zarar ya sha ruwa sai ya riƙa tafasa da wuri. Sabon man birki mai lambar DOT 3 a gwangwaninsa yana jure aƙalla digiri 205, amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 140. DOT 4 daga 230 yake sauka zuwa 155, DOT 5.1 kuma daga 260 zuwa 180. In ya tafasa sai ya yi kumfa a cikin tiyo, ka taka birki ya tafi ƙasa salin-alin, mota ba ta ko waiwaya ba. Motocinmu da yawa tun da suka sauka daga jirgi a Duwala ko Kwatano ba a taɓa zubar musu da man birki ba, ƙari kawai ake yi. A zubar da tsohon gaba ɗaya ta ƙafafu huɗu, a zuba sabon DOT 4 ko 5.1 daga gwangwanin da aka buɗe a gabanka, a fitar da iska. Ka kiyayi wanda aka rubuta DOT 5 kawai, shi na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran.

Sai filaket, fatun da ke matse faifan birki. A cire taya ka gani da idonka. In sun ci fiye da rabi a canza, domin siririn filaket yana saurin kai zafi ga man birki. Sayi na kirki, araha ba ta ado. Sabon filaket yana son ya saba da faifai: a hanyar da babu kowa ka sauko daga 80 zuwa 20 da matsakaicin ƙarfi sau da yawa a jere ba tare da ka tsaya cak ba, sannan ka yi tafiya ya huce. A duba faifan kada ya zama ya tsage ko ya yi zurfin gaɓa a bakinsa, a lanƙwasa tiyon roba a ga ko ya fara tsattsagewa.

Na biyu ruwan inji. Al'adar garejinmu ce a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya. Ina ganin wannan kuskure ne. Ruwan rijiya yana barin tsatsa da farar ƙasa a cikin siraran bututun lagireto, sannu a hankali rabinsu su toshe. A gari ba za ka gane ba, sai ranar da ka riƙe inji a sama na minti goma. A wanke lagireto ciki da waje, a fitar da ƙura da ƙwarin da suka liƙe a fuskarsa, a mayar da tamostat, a zuba ruwan lagireto mai launi. Murfin lagireto ɗan ƙaramin abu ne mai arha, amma shi ke riƙe matsin kusan bar ɗaya (bar ma'aunin matsi ne) da ke hana ruwan tafasa a digiri 100. In robarsa ta bushe, sayi sabo. Matsa kowane tiyo da hannu in inji ya huce. Wanda ya yi laushi ainun ko ya kumbura a bakinsa ya gama aiki.

Bakin mai da matatarsa a canza, kaurin da littafin motar ya ce, a cika har layin sama na sandar awo, kada a wuce. A doguwar kwana mai yana taruwa a gefe guda na kasko, in ya yi ƙasa famfo ya zuƙi iska, kuma daƙiƙu kaɗan sun isa su kashe inji. Matatar iska sabuwa, ba wadda aka kaɗe aka hura ba. In injinka na bel ne, irin na Carina E da tsofaffin Corolla, kuma ba ka san ranar da aka canza bel ɗin taimin ba, canza shi. Corolla masu injin da aka rubuta wa VVT-i sarƙa gare su a gurbin bel.

Taya kuma sai ka tsuguna ka karanta. A gefen kowace akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara shida abar tuhuma ce a irin ranarmu, wadda ta kai goma ba ta shiga fili ko da zanenta bai goge ba. Harafin da ke bayan lambar girma shi ne iyakar gudunta: T 190, H 210, V 240. Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Cikin tayoyin gwanjo da ake kawowa daga Turai akwai na lokacin ƙanƙara, masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe. Robarsu mai laushi ce, an yi ta don sanyi, a zafinmu narkewa take tana gutsurewa. Kada ka hau su. Haka taya mai ƙulu, mai faci a gefe, ko cubles da aka cusa wa tib. Biyun gaba su zama iri ɗaya, biyun baya ma haka.

Saura na sauri ne. A ɗaga mota a girgiza kowace ƙafa, in akwai wasa a boris ko sitiyari a gyara. Shokozoba mai yoyo a canza. Noti ya cika a kowane wili, ba huɗu a gurbin biyar ba. Batir ya zama a ɗaure da ƙarfensa, ba da igiyar roba ba. Bel ɗin kujera ya kama in ka fizge shi. Ka nemo ƙugiyar jan mota ka san inda ake ɗaura ta.

Abin da za ka ɗauka

Safaya mai iska, jak da katakon da za a ɗora shi, sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, ma'aunin iska naka na kanka da famfo, bakin mai lita ɗaya ko biyu, man birki, ruwan lagireto, fanbel, filaket na gaba in da hali, igiyar ja, tukunyar kashe gobara, akwatin magani, fitila, tabarmar salla, da ruwan sha mai yawa. Hular kwano ka duba lakabin da aka ɗinke a igiyarta: da'ira mai harafin E, lambar izini ta fara da 05 ko 06. Ta kasuwa mai nauyin ƙwarya ba ta kare kai. Tufafi na auduga, dogon hannu da dogon wando, takalmi rufaffe mai siririn ƙasa. Babbar riga da silifa su jira ka a jaka.

Hanya

Tafiyar zuwa ita ce rabin aikin, kuma a nan aka fi yin hasara. Ka shirya ka isa kwana guda kafin ranar. Ka fita bayan asuba da addu'ar tafiya, ka sauka kafin magariba. Tuƙin dare a babbar hanyarmu, da manyan motocin da suka lalace aka kare su da ganye, da ramukan da fitila ba ta nunawa sai ka zo kansu, ba na wanda ke son wilinsa ya isa a miƙe ba ne. Kada ka tafi kai kaɗai. Motoci biyu sun fi ɗaya, domin in taka ta ƙi tashi akwai mai jan ka.

Daga Marwa zuwa Garwa kilomita ɗari biyu da 'yan kai ne, daga Garwa zuwa Ngaundare kusan 280. Ka tanadi canjin sefa 500 na kuɗin hanya. Mai bin Mora zuwa Kusiri ya tambayi direbobin tasha halin hanya da na tsaro a safiyar da zai tashi, ba labarin makon jiya ba. Ngaundare tana bisa tudu sama da mita 1,000, Garwa kuwa a kwarin Binuwai take, kuma gangaren dutsen da ke tsakani kafin Mbe makaranta ce ta birki. In kana sauka sa giya ta biyu ko ta uku inji ya riƙe mota, ka taka birki ka saki, kada ka kwantar da ƙafa a kansa. In kana hawa, idonka a kan allurar zafi. Motar da ta yi zafi a wannan hawa ta riga ta gaya maka ba za ta iya fili ba.

Mai kuma a gidan mai. Zuwa-zuwa na bakin hanya ko da ya fi sauƙi a aljihu, ba ka san ruwa da dattin da ke cikin jarkar ba, kuma injin da za a matsa wa lamba ba ya yafe gurɓataccen mai. A fili mota na iya shan ninkin abin da take sha a hanya, ka sa wannan a lissafi. Ka shiga da fiye da rabin tanki.

In ka isa, zagaya motar. Duba gefen tayoyi ko wani rami ya fitar da ƙulu, leƙa ƙasa ko akwai ɗigo.

Safiyar ranar

Kwashe komai daga cikin mota: tabarmin ƙafa, kwalabe, carbin da ke rataye a madubi, caja, jak, kayan but. Kwalbar ruwa guda da ta gangaro ƙarƙashin birki ta isa. Auna iskar taya tun da sanyi ka daidaita da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ka rubuta a takarda. Ɗaure notin wili da sifanar awo. Corolla ƙarfin ɗauri na Nm 103 take so, sauran ƙananan motoci ka duba littafinsu. Ana wannan ɗauri da sanyi, ba bayan an fito daga fili ba.

Gyara kujera. Kafaɗunka a manne da ita, ka miƙa hannu wuyan hannunka ya hau saman sitiyari. Ka taka kuloci ko birki har ƙasa gwiwa ba ta miƙe ba. Hannu biyu a sitiyari, ɗaya dama ɗaya hagu, daura da juna. Zaman jingina da hannu ɗaya a taga na gari ne.

Kada ka rasa taron bayani, kuma ka haddace tutoci. Ruwan ɗorawa: akwai haɗari a gaba, sassauta, ba wuce wani. Ja: an dakatar da kowa, rage gudu ka fita yadda aka umarta. Shuɗiya: wanda ya fi ka gudu na bayanka, ba shi hanya. Baƙa: kai ake kira, fito. Mai ratsin ja da ɗorawa: ƙasa na da santsi. Kore: hanya ta buɗe. Mai ɗigon baƙi da fari: lokaci ya cika. Ka tambayi ta wane gefe ake wucewa.

Masu shirya filin ƙasa, nauyinku ya fi na direba. Ku taka filin da ƙafa, ku kwashe duwatsu, ku cike ramuka, ku kauce wa suri da kututture. Ku tsara hanyar yadda mota ba za ta wuce giya ta biyu ba, gajerun miƙaƙƙu da kwana da yawa, domin a nan ake koyon hannu. Mota ɗaya a lokaci ɗaya, sai ƙura ta lafa ta gaba ta shiga. 'Yan kallo su tsaya nesa a bayan igiya, kuma ko da wasa kada a bar kowa a bayan kwana ko ƙarshen miƙaƙƙe, nan ne motar da ta ƙwace ke nufa. A sa manya masu tsare yara da dabbobi a kowace kusurwa. A samu ma'aikacin lafiya da motar da ke tsaye da makulli a jiki. In ɗayan waɗannan bai samu ba, a ɗage ranar. Dogayen motoci irin Hilux da jif ba na wannan wasa ba ne, in suka zame a gefe taya ta tokari ƙasa, kifewa suke.

Cikin fili

Kashe na'urar sanyaya mota. In motarka na da na'urar hana zamewa, bar ta a kunne. Zagaye biyu na farko na ɗumama inji da koyon hanya ne, ka yi su da rabin ƙarfi. In akwai malami, ɗauke shi. Abin da zai nuna maka a minti ashirin ya fi duk wani ƙarfen da za ka saya ka ɗaura wa motar.

Ka'idar kwana ba ta da yawa, aiki da ita ne ke ɗaukar lokaci. Gama birki tun mota na miƙe, da ƙarfi a farko, kana sassautawa yayin da ka kusa juyawa. Shiga daga gefen waje, matso ciki a tsakiyar kwana, bar mota ta buɗe waje a fita. Kada ka ba da wuta sai ka fara warware sitiyari. Idonka ya riga motar, ka kalli inda kake son zuwa, ba tayar da kake tsoron bugewa ba, domin hannu ido yake bi. Sabon shiga kusan kullum yana shiga kwana da gudu fiye da kima ya fito a wahalce. Sauri ya haifi nawa. Shiga a natse, fita da ƙarfi.

Yawancin motocinmu da ƙafafun gaba suke ja. In ka juya sitiyari gaban motar ya ci gaba da miƙewa tayoyi na kuka, ƙarin juyawa ba zai taimaka ba. Sassauta totur a hankali, ka ɗan warware sitiyari, taya za ta sake kamawa. In ka ɗage ƙafa farat ɗaya a tsakiyar kwana, baya ne zai zagayo. In ABS, na'urar da ke hana taya kullewa a birki, ya fara bugun tafin ƙafarka kada ka saki, aikinsa ke nan, sai dai a kan tsakuwa da jar ƙasa yana ƙara nisan tsayawa, ka fara birki da wuri. In ka ga za ka fita daga hanya, fita a miƙe kana rage gudu. Fizgo mota da ƙarfi don a dawo da ita shi ke juya ta.

Minti goma zuwa sha biyar sun ishi motar gida a shiga ɗaya. A kowane miƙaƙƙe saci kallon allurar zafi da madubi. Birki kuma yana yin gargaɗi iri biyu. In yana da tauri amma mota ba ta tsayawa yadda ta saba, ga wari, filaket ne ya yi zafi, hutu zai dawo da shi. In ya yi laushi yana nitsewa, man ne ya tafasa. Buga shi sau biyu ko uku, rage da giya, ka fita, kuma ba za ka koma ba sai an fitar da iska an sa sabon mai. In allurar zafi ta haura inda ta saba, ɗage ƙafa nan take. In fitilar bakin mai ta kama, ka kauce ka kashe inji. Murfin lagireto ba a buɗe shi da zafi.

Zagayen ƙarshe na hucewa ne, ka yi shi a hankali ba tare da taɓa birki sosai ba. In ka tsaya kada ka ja birkin hannu, kada kuma ka bar ƙafa a kan birki, domin filaket mai zafi yana manne wa faifai ya bar tabon da zai riƙa girgiza sitiyari daga baya. Sa dutse ko katako a taya, buɗe bonet, bar inji ya yi minti biyu ko uku yana aiki kafin ka kashe, musamman mai turbo. Auna iska nan da nan. A kwalta za ka ga ta hau da bar 0.3 zuwa 0.5. In ta wuce haka rage kaɗan. A filin ƙasa kada ka rage ƙasa da awon ƙofa, taya mai ƙarancin iska tana iya fita daga wili a kwana. Ka huta aƙalla rabin sa'a, ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishi, ka duba bakin mai kafin ka koma.

In ka ji ka fara gajiya, ko ka ji zuciya na cewa bari in ƙara ɗaya in nuna musu, nan ne wurin tsayawa. Ɓarna ta fi yawa da yamma, lokacin da jiki ya mutu, taya ta gaji, ido kuma ya buɗe.

Dawowa

Bari komai ya huce. Mayar da iskar taya zuwa awon ƙofa, domin wadda ka rage da zafi za ta yi ƙasa in ta yi sanyi. Sake bin notuna da sifana. Haska fitila ka ga abin da ya rage na filaket, ka shafa gefen tayoyin gaba na waje, nan suka fi ci. In zare ya leƙo, sa safaya. Duba mai da ruwa, mayar da kayanka, ka gwada birki a hankali kafin ka hau titi.

In tafiyar mai nisa ce, kwana. Wanda ya wuni yana gudu, 100 a titi sai ya ji ta tamkar 60, don haka agogon gudu za ka riƙa kallo a sa'ar farko, ba abin da jikinka ke gaya maka ba. Masu babur da shanu suna nan inda ka bar su.

Cikin makon da ka dawo ka koma gareji. A fitar da iskar birki, a canza filaket in ya kusa milimita 3, a hura ko a canza matatar iska in filin ƙasa ne, a duba saitin ƙafafu in sitiyari ya karkace. Takardar da ka rubuta awon iska a kanta, ƙara mata yawan man da motar ta sha, da minti nawa birki ya yi kafin ya fara wari, da inda allurar zafi ta tsaya, ka ajiye ta tare da kart giriz don shirin fita ta gaba.